Kyamarar Blackmagic Pocket 4K a Hannun Mai Ɗaukar Biki Shi Kaɗai: Nazarin Inda Take Gazawa

A watan Afrilun 2018, a baje kolin kayan aikin talabijin da fim na NAB da ake yi duk shekara a birnin Las Vegas na Amurka, kamfanin Blackmagic Design na ƙasar Ostareliya ya fito da wata kyamara mai suna Pocket Cinema Camera 4K, ya yanka mata farashin dala 1,295, ta kuma fara shiga hannun masu saye daga watan Satumba na wannan shekarar. Abin da ya sa labarinta ya karaɗe masu sana'ar hoto shi ne, tana ɗaukar bidiyo mai faɗin 4096 da tsayin 2160 har hotuna 60 a daƙiƙa guda, tana kuma adana shi a tsarin RAW, wato ɗanyen hoton da mai tacewa zai iya juya launinsa da haskensa yadda ya ga dama daga baya, abin da a lokacin sai a kyamarori masu tsada ake samunsa. Canon C200, wadda ta fito a 2017 kuma ita ma take ɗaukar ɗanyen hoto, dala 7,499 ake sayar da ita a lokacin. Ƙari a kan haka, kowane kwali yana zuwa da lasisin manhajar tace hoto ta DaVinci Resolve Studio, wadda ita kaɗai dala 299 ce a wancan lokaci. Da yake dala tana wajen naira 360 a kasuwar bayan fage a 2018, kuɗin kyamarar bai cika naira rabin miliyan ba.

Babu mai jayayya a kan kyawun hotonta, kuma wannan nazari ba zai ɓata lokaci a kai ba. Yanayi guda za a bi daki-daki: mai ɗaukar bidiyon biki, irin wanda ake samu a Kano da Zariya da Maraɗi, wanda yake aiki shi kaɗai ko da yaro ɗaya mai riƙe masa jaka, ya saba da kyamarar kafaɗa ko ta hannu irin ta 'yan jarida, sannan ya sayar da ita ya sayi Pocket 4K domin hotonsa ya yi kama da na fim. Tambayar ita ce, me wannan kyamara take hana shi a wunin aiki guda, daga ɗaurin aure zuwa dina, kuma nawa zai kashe kafin ya cike giɓin.

Abin da ya baro

Sai an san abin da mutum ya baro kafin a gane abin da ya rasa. Kyamarorin hannu na ƙwararru, tun daga Sony PD150 mai kaset ta farkon shekarun 2000 har zuwa PXW-Z90 da ta fito a ƙarshen 2017, an gina su ne a kan tunanin cewa mutum ɗaya zai yi komai. Lens ɗinsu a manne yake, yana jawo nesa kusa har ninki 12 da danna maɓalli ɗaya a ƙarƙashin yatsa. Suna da gilashin rage haske a cikinsu, wanda masu sana'ar ke kira ND, suna da ramukan makirufo biyu na XLR, da allon da ke juyawa ta kowane ɓangare, da wurin leƙawa da ido, suna kuma bin fokas da kansu. Mai ɗauka ba ya tunanin ko ɗaya daga cikin waɗannan, domin bai taɓa rasa su ba. A cikin Pocket 4K kusan babu ko ɗaya.

Ƙofar gida da ƙarfe sha ɗaya na safe

Matsala ta farko takan bayyana tun kafin a shafa fatiha, kuma ta rana ce. Masu hoto suna auna haske mataki-mataki, kowane mataki ninki biyu ne na wanda ke ƙasa da shi. Tsohuwar ƙa'idar da suka gada ta ce a tsakar rana mai ƙarfi, idan sensar kyamara, wato farantin cikinta da ke karɓar haske, tana kan ISO 400 a ma'aunin saurin kama haske, sai an tsuke ƙofar lens zuwa f/16 (yawan lambar, ƙanƙantar ƙofar), an kuma bar kowane hoto ya sha haske na kashi ɗaya cikin 400 na daƙiƙa, sannan hoto zai fito daidai. ISO 400 kuwa shi ne matakin asali na farko na wannan kyamara, wato ɗaya daga matakai biyu da aka gina sensarta ta fi aiki da kyau a kansu. To amma a ƙasashen da lantarkinsu ke kan zagaye 50 a daƙiƙa, kamar Najeriya da Nijar, hotuna 25 ake ɗauka a daƙiƙa, kuma idan ana son motsi ya fito yadda ido ya saba gani, kowane hoto zai sha haske na kashi ɗaya cikin 50 ne, wanda ya ninka na farko sau takwas, mataki uku ke nan. Idan kuma mai ɗauka yana son ya buɗe lens zuwa f/4 domin bayan ango ya dushe, wanda shi ne dalilin da ya sa ya sayi kyamarar tun farko, an ƙara mataki huɗu. Jimla mataki bakwai, wato hasken da ke shiga ya ninka wanda ake buƙata sau 128.

A tsohuwar kyamararsa babban yatsa ne zai tura ND, magana ta ƙare. A nan kuwa kowace mafita da kuɗinta. Idan ya gajarta lokacin shan haske, motsin mutane zai riƙa fitowa da tsalle-tsalle, musamman wajen gaisawa da ɗaga babbar riga. Idan ya sauke ISO zuwa 100 zai sami mataki biyu, amma yadda aka tsara sensar, sauke ISO yana rage mata ƙarfin riƙe wurare masu haske sosai, kuma babu abin da ya fi farar shadda da farin rawani haske a rana, don haka aikin da ke jikin rigar ango sai ya ƙone ya zama fari fat. Idan ya tsuke lens har f/22, kaifin hoto zai ragu, duk wata ƙura da ta zauna a kan sensa kuma za ta fito ɗigo-ɗigo a sararin sama. Abin da ya rage shi ne ya sayi ND na waje ya murɗa a bakin lens, kuma ko a nan tsugune ba ta ƙare ba, domin an san wannan kyamara da cewa idan aka sa mata ND mai kauri wanda ba ya tare hasken infrared, wato hasken da idon mutum ba ya gani amma sensa tana kamawa, baƙin tufafi yakan koma ruwan ƙasa mai ɗan ja. Baƙar abaya da baƙar alkyabba su ne farkon waɗanda ke nuna wannan aibi, kuma gyara shi a kwamfuta ba tare da an taɓa launin fatar mutane ba aiki ne mai cin lokaci. Bayan duk wannan, da zarar jama'a sun tashi daga titi sun shige zaure ko masallaci, sai ya tsaya ya kwance gilashin, ya nemi inda zai ajiye shi, alhali waliyyai ba za su jira shi ba.

Rana ɗin dai ita ce ke tona gazawar allon. Allo ne mai inci biyar, mai kyau ƙwarai a cikin ɗaki, tsarin maɓallansa kuma yana cikin mafi sauƙi da aka taɓa yi wa kyamara, amma a kafe yake a bayanta, ba ya ɗagawa, ba ya sunkuyawa, ba ya juyawa, kuma haskensa ba ya iya gogayya da na tsakar rana. Babu wurin leƙawa da ido. A wajen ɗaurin aure, inda mutane ke cunkushe kafaɗa da kafaɗa, hanya ɗaya ta ganin liman da waliyyai ita ce a ɗaga kyamara sama da kai, kuma da zarar an ɗaga ta allon ya koma kallon sama da baya, mai ɗauka yana aiki ne da ƙiyasi. Haka nan idan ya sauke ta ƙasa domin ya ɗauki waɗanda ke zaune a kan tabarma, sai dai ya durƙusa ko ya kwanta. Maganin shi ne ƙaramin allo na waje da ake haɗawa ta ramin HDMI, shi ma da nasa batirin da wayarsa da abin ɗaure shi.

Batir

Wannan ita ce gazawar da aka fi yi wa kyamarar ƙorafi a kai tun fitowarta, kuma lissafinta ba shi da wuya. Tana amfani da batir samfurin LP-E6, wanda Canon ya fito da shi a 2008 domin kyamarar hoton tsaye ta 5D Mark II. Ƙarfin da yake ɗauka wajen wat 13 ne na awa guda, wanda ya ishi kyamarar da ke farkawa ta ɗauki hoto ɗaya ta koma barci, amma ya yi kaɗan ga na'urar da ke kunna babban allo, tana juya fanka, tana sarrafa hoton 4K, wani lokaci kuma tana ciyar da makirufo da SSD, wato ma'ajiyar bidiyo ta waje, duk daga jikinsa. Kamfanin ya ce batir guda yana kai wajen awa ɗaya. Abin da masu aiki da ita suka fi ba da rahoto shi ne tsakanin minti 30 zuwa 45. Idan aka ɗauka kyamara za ta kasance a kunne na awa biyar a cikin wunin biki, wanda ba ƙari aka yi ba, ana maganar batir bakwai zuwa goma ke nan. Batir ɗaya ne ke zuwa a kwali, babu kuma cajar waje. Cajar Canon ta asali tana ɗaukar wajen awa biyu da rabi kafin ta cika guda ɗaya, abin da ke nufin daren jajibirin biki zai ƙare ne a gadin soket, idan an yi sa'a akwai wuta ko man janareta.

Yawan batir ma bai kai lokacin mutuwarsa zama matsala ba. Kasuwa cike take da batiran LP-E6 na wasu kamfanoni da kuma na jabu, kuma da yawansu ba sa gaya wa kyamara gaskiyar abin da ya rage a cikinsu, ta yadda allo zai nuna da saura, sai kawai ta ɗauke babu gargaɗi. A wajen ɗaukar fim darakta zai ce a sake. A wajen ɗaurin aure kuwa, siga tsakanin neman aure da bayarwa da ambaton sadaki da shaidawa ba ta wuce 'yan mintuna ba, ba kuma a maimaita ta don mai kyamara. Ƙofar batirin tana ƙarƙashin kyamara ne, don haka idan an ɗaure ta a kan ƙafa, wasu farantan ɗauri suna toshe ƙofar, sai an kwance kafin a canza. Ramin USB-C yana iya cajin batir, amma sai kyamara tana kashe, kuma shi ne dai ramin da SSD ke shiga.

Mafita ta gaskiya ita ce a daina dogaro da batirin ciki gaba ɗaya. Kyamarar tana da ramin wuta na volt 12 mai kulle, wanda za a iya haɗa shi da babban batir irin na V-mount, kuma mai ƙarfin wat 98 yakan riƙe ta awanni da dama. A 2019 kamfanin da kansa ya fito da mariƙin da ake ɗaurawa a ƙasanta, mai cin batiran NP-F570 guda biyu, a kan dala 245, wanda ya ce yana ba da sama da awa biyu. Kowace hanya aka bi, an ƙara nauyi, an ƙara waya, kuma abin da aka kira kyamarar aljihu, wadda dama faɗinta ya kai inci bakwai, ya zama kaya.

Wajen kamu

Da yamma, a cikin ɗakin taro ko tsakar gida mai ƙarancin fitilu, kyamarar tana nuna abin da ya sa ake son ta. Matakinta na asali na biyu, ISO 3200, yana fitar da hoto mai tsabta a inda ƙananan kyamarorin hannu ke cika da yashi-yashi, kuma launin leshi da lalle da fatar amarya suna fitowa da taushin da ba a samu a wayar hannu. Sai dai a nan ne kuma rashin bin fokas yake ciwo. Abin da kawai take iya yi shi ne a taɓa allo ko a danna maɓalli ta nemi fokas sau ɗaya, da ɗan kai-kawo, sannan ta tsaya a nan ko da wanda ake ɗauka ya matsa.

A ɗauki haɗin da ya fi shahara a tsakanin masu wannan kyamara, wato lens ɗin Sigma 18-35 mai buɗewar f/1.8 a kan mahaɗin Metabones Speed Booster, wato abin da ake sawa tsakanin lens da kyamara domin bakinsu ya dace. Idan aka jawo shi ƙarshe, aka buɗe shi gaba ɗaya saboda duhu, amarya kuma tana nesa da mita biyu, tazarar da hoto ke da kaifi a cikinta wajen taƙi guda ce. Taku ɗaya idan ta yi ta fita daga ciki. Ga ta tana tahowa a tsakiyar ƙawaye masu anko, ana guɗa, wata gwaggo ta ratso ta gaba da kuɗin liƙi a hannu, mai ɗauka yana tafiya da baya, hannunsa ɗaya a kan mariƙi, ɗayan yana murɗa zoben fokas, idonsa kuma yana neman jan layin da allo ke zanawa a gefen abin da ya yi kaifi. A wajen ɗaukar fim wannan aikin mutum guda ne sukutum, wanda ake auna masa nisa, a manna alama a ƙasa inda ɗan wasa zai tsaya, a yi gwaji kafin a ɗauka. Ƙwararren mai ɗauka zai iya sabawa, kuma da yawa sun saba, amma ko shi zai dawo gida da hotunan da a ƙaramin allo suka yi kyau, a babban talabijin kuwa kunnen amarya ne ya fito ras, idonta ya dushe.

Girgiza ma haka. Sensar ba ta da abin da ke shanye rawar hannu, Sigma 18-35 shi ma ba shi da shi, alhali Panasonic GH5, wadda ta riga ta fitowa da shekara guda kuma bakin lens ɗinsu iri ɗaya ne, tana da shi a jikinta, tare da allo mai juyawa. A 2022 Blackmagic ya saki sabuntawar da ta ba kyamarar damar rubuta bayanan motsinta a cikin fayil ɗin RAW, domin DaVinci Resolve ta daidaita hoton daga baya. Gyara ne mai amfani, sai dai yana yanke gefen hoto, kuma mai ɗauka ba zai san ko ya yi ba sai ya zauna gaban kwamfuta. Wanda ya sayi gimbal kuma, wato mariƙi mai injin da ke hana kyamara girgiza, zai tarar faɗin kyamarar ya sa ɓangaren mariƙinta yana dukan injin gefe a kan irin su DJI Ronin-S, sai an nemo farantin da ke gusar da ita gefe. Kada kuma a manta 18 zuwa 35 bai ma kai ninki biyu na jawowa ba, ga mutumin da ya saba da ninki 12, don haka duk fuskar da yake son ya ɗauka kusa sai ya taka ya je gabanta, abin da ba kullum ake yarda da shi ba a taron mata.

Akwai kuma wani ƙaramin aibi da ya shafi tufafinmu musamman. Ba a sa wa sensar gilashin da ke ɗan tausasa zane masu ƙanƙanta ba, shi ya sa wani lokaci ɗinkin hula ko saƙi mai siraran layuka yakan riƙa walƙiya da launukan da babu su a jikin yadin.

Sauti

Ramin XLR ɗaya ne, kuma ƙarami ne, sai da wayar canji kafin makirufo na yau da kullum ya shiga. Mai son ya jawo sauti daga miksar mai kiɗa a lokaci guda kuma ya kama guɗa da hayaniyar ɗaki, dole ya tura ɗayan ta ƙaramin rami irin na abin kunne, wanda aka sani da raunin ɗaga sauti, ko ya dogara da makirufon jikin kyamara, wanda ke kusa da fanka da kuma yatsun mai riƙo. Galibi ƙarshenta a sayi rakoda ta daban, a zo ana daidaita baki da murya wajen tacewa.

Ajiya da tacewa

Kyamarar tana rubutu a kan katin CFast, ko katin SD, ko SSD na waje, amma a kan ɗaya kawai a lokaci guda. Ba ta iya rubuta abu ɗaya a wuri biyu domin kariya, abin da GH5 da Z90 duk suke yi. A ganina wannan ya fi matsalar batir haɗari, ko da yake ba a cika maganarsa ba, domin batir idan ya mutu an rasa minti ɗaya ne, kati idan ya lalace an rasa bikin. Da yake CFast yana da tsada, yawancin mutane SSD irin Samsung T5 suke ɗaurawa a saman kyamara, su haɗa da gajeriyar wayar USB-C wadda ba ta da kulle. A cikin turmutsutsun liƙi, gwiwar hannu ɗaya ko bakin mayafi ya ishi ya fizge ta, ɗauka ta tsaya nan take. Shi ya sa sai an sayi kejin ƙarfe da ake sa kyamarar a ciki, da maƙalin da ke danne wayar.

Girman fayil wani nauyi ne. Kyamarar ba ta san ƙananan tsare-tsaren da waya da talabijin ke buɗewa kai tsaye ba, sai manyan tsare-tsare biyu na masu tace hoto, ProRes da Blackmagic RAW. A ProRes 422 HQ, awa ɗaya ta 4K tana cin sama da gigabait 300. Ko a mafi matsewar RAW, wadda ke matse fayil ninki 12, awa ɗaya wajen gigabait 100 ce, yayin da kyamarar hannu mai rubuta megabit 100 a daƙiƙa take cin gigabait 45. Biki mai kwana uku yana iya cika terabait guda, kuma mai hankali zai kwafe shi wuri biyu. Daga nan sai gyaran kala, domin hoton da aka ɗauka a yanayin fim yakan fito fari-fari kamar an wanke shi, da gangan aka yi shi haka don a sami abin juyawa. Ana iya sa kyamarar ta fitar da launi gamamme tun daga farko, amma wanda ya yi haka ya ajiye rabin abin da ya biya kuɗi dominsa. DaVinci Resolve kuma tana son kwamfuta mai ƙarfin katin hoto, ba irin laftof ɗin da ya ishi tace hoton tsohuwar kyamara ba. Duk wannan yana faruwa ne a lokacin da ƙawayen amarya suka riga suka watsa nasu bidiyon waya a WhatsApp da TikTok tun a daren, ango kuma yana bugo waya yana cewa, "Malam, har yanzu shiru?"

Game da yanayi, kamfanin ya rubuta cewa kyamarar tana aiki ne tsakanin digiri 0 zuwa 40, ma'aunin da Sakkwato da Maiduguri da Yamai suke wucewa a watan Afrilu. Gaskiya dai fankar cikinta tana taimaka mata ta jure dogon ɗauka fiye da ƙananan kyamarori marasa fanka. Abin tsoro ya fi yawa a ramukan da iskar ke bi, waɗanda a buɗe suke ga ƙurar hunturu da yayyafin damina, tunda ba a yi jikin don ya tare ko ɗaya ba.

Inda matsalar ta samo asali

Idan aka jera waɗannan gazawa za a ga ba kuskuren ƙira ba ne barkatai. Kowace ɗaya tana daidai da wani mutum ko wani kaya da dama ake samu a wajen ɗaukar fim: mai jan fokas, mai sauti da rakodarsa, mai fitilu, akwatin gilasai a gaban lens, ƙafar kyamara, babban batir, da wanda ke kwafe katuna tsakanin fitowa da fitowa. Kamfanin ya zuba kuɗin ne a sensa da tsarin adana hoto, ya bar sauran ga mai saye, kuma da haka ne farashin ya sauko. Araha ba ta ado, in ji masu magana. A lissafa da farashin fitowar kowane kaya: kyamara dala 1,295, Sigma 18-35 dala 799, mahaɗin Metabones dala 649, Ronin-S dala 699. An kai dala 3,442 tun ba a sa batir da ND da allo da SSD da keji da rakoda ba, alhali Z90, wadda ke zuwa a shirye, ba ta kai dala 3,000 ba. Akwai hanya mafi sauƙi, kamar a ɗauki lens ɗin Panasonic 12-35 mai shanye girgiza wanda ba ya buƙatar mahaɗi, amma ba ta kawar da sauran jerin. Bayan an saki naira a watan Yunin 2023 kuma dala ta haura naira 1,500 a 2024, duk dala 100 ta kayan haɗi da a da take naira 36,000 ta koma sama da 150,000.

Kamfanin da kansa ya tabbatar da jerin ƙorafin ta hanyar abin da ya gyara. A watan Fabrairun 2021 ya fito da Pocket 6K Pro, wadda aka sa wa ND na mataki biyu da huɗu da shida a ciki masu tare infrared, da allo mai ɗagawa mai ƙarfin haske, da batir mafi girma na NP-F570, da ramukan XLR biyu, da damar ɗaura wurin leƙawa da ido. Farashin da ta fito da shi dala 2,495 ne, kusan ninki biyu na Pocket 4K. Ko ita ba ta zo da bin fokas ko shanye girgiza a sensa ba, wanda ke nuna cewa masu ɗaukar fim ne dai kamfanin yake kallo.

Akwai kuma abin da ya wuce na'ura. Hoton fim, mai fuska ɗaya ras da baya a dushe, abin sha'awar mai ɗauka ne da ango da amarya. Wadda ta fi kowa kallon bidiyon biki daga farko har ƙarshe kuwa sau da yawa uwar amarya ce, kuma abin da take nema daban ne. Tana son ta ga wa ya zo, wa ya yi liƙi, wace ce a zaune a bayan wance. Idan ta ce, "Ɗana, ai ban ga yayata da ta taso tun daga Gusau ba," babu gyaran kalar da zai amsa mata, domin yayar tana cikin hoton, a wurin da aka dushe da gangan.

Ga masu shirya fim mai dogon zango da ake sakawa a YouTube, ko bidiyon waƙa, ko talla, ko hira a zaune, inda akwai mutum uku ko huɗu a bayan kyamara, akwai janareta, ana kuma iya cewa a sake, kusan duk waɗannan gazawa suna raguwa su zama abin da ake shirya wa tun a takarda, kuma da wuya a sami hoto irin nata a wannan kuɗi. Ga mai ɗaukar biki shi kaɗai, tsarin da ya fi tsira da mutuncinsa shi ne kada ya rabu da kyamarar hannu. Ita za ta riƙe ɗaurin aure da jawabai da liƙi daga farko har ƙarshe, tana rubutu a kati biyu, da wayar miksa a jikinta. Pocket 4K kuma a ware ta ga abin da za a iya tsayarwa a maimaita: kwalliyar amarya a ɗaki kusa da taga, jeren kayan lefe, hotunan kafin biki, shigowar ango da amarya idan an yi gwaji da su kafin a buɗe ƙofa. Daga waɗannan ne za a haɗa gajeren bidiyon minti uku ko huɗu da ake sawa a Instagram. Wannan tsari yana buƙatar mutum na biyu wanda ya iya aiki, ba yaron riƙe jaka ba, da ƙarin kwanaki na tacewa, kuma dole kuɗin duka biyun su shiga cikin cinikin tun ranar da aka karɓi kafin alƙalami.